Sifika mai om 4, risiba mai neman om 6: yadda na sasanta su a falonmu na Ƙofar Ƙaura

Dare ne na watan Afrilu, irin daren Katsina da ko ka watsa ruwa a tsakar gida kafin ka juya ya bushe. Muna falo mu takwas, har da Alhaji mahaifina da maƙwabta biyu, ana kallon ƙwallo. Wasa ya wuce minti 70, 'yan kallon filin sun ɗauki ihu, na miƙa hannu na ƙara murya don falon ya cika, sai muka ji ƙas daga cikin kabad. Hoto na nan a talabijin, 'yan wasa na ta gudu, amma ɗakin ya yi tsit. A fuskar risibar wata kalma ta fito da manyan baƙaƙe, PROTECT, ƙaramar fitila ja tana ƙiftawa. Na buɗe ƙofar gilashin kabad ɗin, hucin zafi ya bugi fuskata. Na ɗora tafin hannuna a saman akwatin, ban kai ga ƙirga biyar ba na janye.

Karo na huɗu ke nan cikin mako biyu. Alhaji bai ce komai ba, ya dai gyara zama ya ci gaba da kallon hoton da babu murya. Wannan shirun nasa ne ya fi damuna, domin saboda shi na sayi kayan tun farko. Jinsa ya ragu a 'yan shekarun nan. Talabijin ɗin zamani kuwa sirara ne, sifikunsu ƙanana kuma a ɓoye suke, sai ka ga dattijo yana kai kunne yana tambayar me aka ce a labarai. Shi ya sa na je Kasuwar Sabon Gari a Kano na sayo risibar hom tiyata ta hannu, tokumbo. Ba risibar satalayit nake nufi ba. Wannan akwati ce mai nauyi da ake shigar mata da sautin talabijin da dikoda, ita kuma ta rarraba shi zuwa sifiku biyar, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya, sai wufa mai fitar da kaurin sauti. Ta zo da 'yan ƙananan sifikunta, kuma shekara biyu muna tare ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukewa ba.

Sai Yaya da ke Legas ya ga wasu dogayen sifiku guda biyu a kasuwar Alaba, ya sa aka ɗauro mana su a mota. Ranar da aka sauke su sai da mutum biyu suka kama kowacce, tsayinsu ya kai ƙirjina. Na yi murna ƙwarai. A daren na haɗa su, kuma da yake ƙananan na gaba ba su yi laifin komai ba, ban ga dalilin ajiye su ba. Na murɗe wayar sabuwa da ta tsohuwa wuri ɗaya, na cusa su a baki guda, hagu biyu dama biyu. A tunanina a lokacin, yawan sifika shi ne yawan sauti.

Wuta na fara zargi, domin takan yi ƙasa a unguwarmu da dare. Na aro sitabilaiza a wurin maƙwabci, allurarta ta tsaya daidai, risibar ta sake ɗaukewa. Na gwada da janareta, haka. Ranar Asabar na naɗe ta a tsohon bargo, na tari keke napep, na nufi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ke kusa da Babbar Kasuwa, abokin Alhaji tun suna samari.

Shagon nasa bai fi ɗakin kwana ɗaya ba. Tsofaffin rediyoyi da rikodoji jere har rufi, ƙanshin narkakkiyar dalma ya cika wurin. Bayan mun gaisa ya tambayi jikin Alhaji, ya kwance murfin akwatin. A ciki akwai wani dogon alminiyam mai haƙora kamar mataji, wanda taransistocin da ke tura sauti suke manne a jikinsa don ya ɗebe masu zafi. Tsakanin haƙoran nan ƙurar hunturu biyu ta daskare kamar auduga. Ya share da burushi, ya hure, ya haɗa ta da wata tsohuwar sifikarsa ta gwaji, ya kunna. Ta yi kusan awa guda tana aiki muna hira, ko gezau.

“Ɗana, wannan lafiyarta lau,” in ji shi. “Mi ka haɗa mata a gida?”

Na ce sababbin sifiku, Baba, manya, masu kyau.

“Ban tambaye ka kyawunsu ba. Mi aka rubuta a bayansu?”

Ban taɓa dubawa ba. Ya juya risibar, ya nuna mini wani ɗan rubutu kusa da inda ake ɗaura wayoyi: 6 zuwa 16, da wata alama mai kama da munduwar da aka buɗe bakinta. Ya ce alamar om ke nan. Na kira ƙanena a waya na ce ya leƙa bayan dogayen sifikun ya ɗauko mini hoto. Da hoton ya iso, ga shi ɓaro-ɓaro, om 4. Ƙananan kuma om 8.

Baba ya jawo kwalin batir ya juya bayansa, ya zaro fensir daga bayan kunne. Ya ce in ɗauki risiba kamar tankin ruwa a saman gida. Tsayin tankin shi ne bolt, ƙarfin turawa. Ruwan da ke gudu shi ne amfiya. Om kuwa shi ne ƙuncin bututun, wato turjiyar da sifika ke yi wa wutar da ake tura mata. Bututu siriri yana barin ruwa kaɗan ya wuce, mai faɗi kuma sai ya zuƙe tankin. A nan ne na gane inda na yi ta kuskure a zuciyata. Ni na ɗauka ƙaramar lamba tana nufin ƙaramin nauyi, ashe akasin haka ne. Sifika mai om 4 ba ta turjewa sosai, don haka tana jan wuta ninki biyu na mai om 8 a murya iri ɗaya.

Ya rubuta lissafin a gabana. A ce na buɗe murya har risiba tana tura bolt 16. Sifika mai om 8 za ta ja amfiya 2, wat 32 ke nan. Mai om 4 za ta ja amfiya 4, wat 64. Ina kallon alƙaluman sai darasin sakandare ya faɗo mini, dokar nan ta Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827: ka raba bolt da om ka sami amfiya. Mun haddace ta don jarrabawa, ban taɓa zaton za ta biyo ni har falona ba.

Daga nan na gaya masa cewa ban cire ƙananan ba, na murɗe su ne tare da manyan. Ya ajiye fensir ɗin ya dube ni ta saman gilashinsa.

“A baki ɗaya?”

Na ce a baki ɗaya, Baba.

Ya ce idan ka haɗa sifiku biyu a baki ɗaya, jar waya da jar waya, baƙa da baƙa, ba tara om ɗinsu ake yi ba. Bututu biyu ka buɗe wa tanki guda, turjiyar sai ta ragu. Ya ninka 4 da 8 ya sami 32, ya raba da jimillarsu 12, ya fito da om 2.7 ko ƙasa kaɗan. A bolt 16 ɗin nan dai, amfiya 6 ke nan ake ja daga kowane gefe, daga akwatin da masu ƙera ta suka ce kada a sauka ƙasa da om 6. Zafin da ke taruwa a taransistocin yana hawa tare da amfiyar, a cikin naɗin taransifoma kuwa idan amfiya ta ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi. Ga kabad a rufe, ga ƙura, ga Afrilun Katsina da rana ke haura digiri 40. Ya ce abin mamakin ba ɗaukewar da take yi ba ne, yadda ta kai mako biyu ba ta ƙone ba.

Wata magana da ya faɗa ina so duk mai irin wannan akwati ya riƙe ta. Kalmar PROTECT ba alamar lalacewa ba ce, na'urar ce take ceton kanta. Akwai abin da ke gadin zafi da yawan amfiya a ciki, da ya ga an wuce gona da iri sai ya katse sifikun, wannan ƙas ɗin da muke ji ke nan. Ya ce akwai masu gyaran da za su tsallake maka wannan mai gadin da guntuwar waya, ka koma gida kana murna ta daina ɗaukewa, bayan kwana kaɗan hayaƙi ya tashi, wani lokaci har ta tafi da sifikun. Shi ba ya yi ko nawa za a ba shi. Ni ma ina roƙon kowa kada ya yarda a yi masa.

Bayan La'asar ya biyo ni gida da mitarsa. Sai da suka daɗe suna gaisawa da Alhaji a zaure kafin ya shigo falo. Ya sa na zare filogi, ya kwance wayoyin daga bayan risibar, domin ba a auna sifika tana haɗe. Ya fara haɗa bakunan mitar biyu da juna, ta nuna 0.3, ya ce wannan na wayar mitar ce, za mu cire shi daga duk abin da muka gani. Doguwar sifika ta ba mu kusan 3.3, ƙaramar kuma 6.4. Na ce to ai ba su kai abin da aka rubuta ba. Ya ce haka yake, mita tana auna wayar da aka naɗa a ciki ne da wutar batir mai tafiya hanya ɗaya, shi ya sa kullum takan nuna ƙasa da lambar da ke jiki. Amfaninta shi ne idan ka sayi tokumbo da takardar bayanta ta goge: ka ga 3 da 'yan kai, om 4 ce, ka ga wajen 6 zuwa 7, om 8 ce.

Daga baya na zauna na karanta abin da kyau, na fahimci cewa lambar da ke bayan sifika suna ce kawai, ba tsayayyen abu ba ne. Turjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke fita. A wani amon za ta iya haura om 20, a wani kuma ta faɗo ƙasa da abin da aka rubuta, kuma sau da yawa faɗuwar tana zuwa ne a yankin sauti mai kauri, inda kiɗa da fim suka fi cin wuta. Ƙa'idar IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta ce kada mafi ƙanƙantar turjiyar ta gaza kashi 80 cikin 100 na lambar da aka rubuta, wato mai om 4 tana iya sauka zuwa 3.2 ba ta karya doka ba. Wannan ne ya bayyana mini dalilin da ya sa risibar ba ta ɗaukewa lokacin labarai, sai an zo wurin ihun filin wasa ko rugugin ganga.

Yana cikin duba wayoyin sai ya ce in kawo tocila. A bakin gefen hagu, inda na cusa wayoyi biyu a ramin da aka yi don ɗaya, wasu silin waya guda uku sirara kamar gashi sun fito sun karkata, saura ƙiris su taɓa bakin da ke kusa. Ya ce idan kiɗa ya girgiza kabad suka taɓa, turjiyar ta koma kusan sifili, nan take za ta ɗauke ko da murya tana ƙasa. Ya ce duk wanda tasa ke ɗaukewa da zarar ya kunna, nan ya kamata ya fara dubawa kafin ya zargi komai. Sannan ya kankare wayar da wuƙa. Sama ja, ciki fari. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ga ta siririya kamar ta cajar waya.

A nan ya yi mini adalci a bayani, bai ɗora wa wayar laifin da ba nata ba. Siririyar waya ba ita ke sa risiba ɗaukewa ba, ɓarnarta daban ce: tana cinye wani kaso na ƙarfin a hanya, kuma ga sifika mai om 4 asarar ta fi yawa. Daga kabad zuwa kowace sifika, bin bango, mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5 mm² tana da turjiyar kusan om 0.4 a wannan tsawon, kashi ɗaya cikin goma na sifikar ke nan, tawa mai alminiyam kuwa ta fi haka. Mai kaurin 2.5, irin wadda ake ja wa soket a gida, ba ta kai om 0.1 ba. Washegari na sayo ta a wurin masu kayan wuta, sai da na sa aka kankare bakin a gabana na ga ja har ciki. Babu buƙatar wata waya mai tsada da sunan waje. Na fere baki daidai, na murɗe silin tsaf, na ɗaure, na ja na ji ba ta motsi. Baba ya koya mini gane ja da baƙa da ƙaramin batir mai bolt 1.5: ka taɓa shi a bakunan sifika na ɗan lokaci, idan fatar ta turo waje, wayar da ke gefen alamar + ta batirin ita ce ja.

Cire ƙananan daga gaba ya dawo da mu om 4. Amma risibar om 6 take nema, saura rata. A daren muka zauna da ƙanena muna neman mafita, kowa da shawararsa. Shi ya ce a saka abin turjiya mai om 4 a kan hanyar wayar, 4 da 4 sun zama 8, magana ta ƙare. A takarda daidai ne. Da na kai wa Baba ya ce rabin ƙarfin zai ƙare a wannan abin yana zafi a banza, kuma risibar za ta rasa riƙon da take yi wa fatar sifikar, kaurin sautin ya zama lugub ba kan gado. Haɗa dogayen biyu ɗaya bayan ɗaya ma yana ba da om 8, amma sai su zama gefe guda, an rasa hagu da dama. Hanya mafi tsabta ita ce a sayi amfilifaya daban wadda aka gina don om 4, risiba ta riƙa aika mata sauti kawai ita ta ɗauki nauyin. Muka duba bayan tawa, babu bakin da za a aika sauti ga wata amfilifaya sai na wufa kaɗai. Saura sayar da sifikun, kuma ban ga yadda zan gaya wa Yaya na sayar da kyautarsa ba.

Abin da ya rage shi ne a rage wa risibar aiki. A nan wufa ta yi rana. Wufata tana da filoginta da amfilifayarta a ciki, ba ta cin komai daga risiba. A cikin saitin akwai inda ake zaɓa wa kowace sifika “Large” ko “Small”. Ni na sa manyan a “Large” tunda ga su nan har ƙirji, kuma na ɗan yi gardama da aka ce in mayar. Ashe kalmar ba girman akwati take nufi ba. Tana tambaya ne ko a tura wa sifikar dukkan sauti har da mafi kauri, ko a yanke mai kaurin a miƙa wa wufa. Na mayar da su “Small”, na sa iyakar a hats 80 (hats ma'aunin kauri ko sirantar amo ne), lambar da kamfanin THX mai tsara ƙa'idar sautin silima ya yaɗa har ta zama ruwan dare a irin waɗannan kaya. Duk abin da ke ƙasa da nan, rugugin tsawa da ƙasan ganga, ya koma wuyan wufa. Na ji tsoron sautin zai rame. Bai rame ba. Muryoyi ma sun fi fitowa, kalangu ya fi tsinin baki, kuma saman akwatin ya daina yin zafin da yake yi.

Ƙananan biyun da na cire ban jefar ba. Na baya sun daɗe ɗaya tana kaɗawa, sai na maye gurbinsu da waɗannan, kowacce a bakinta ita kaɗai.

Sai maganar iska, wadda ta fi kowacce buƙatar lallashi, domin kabad ɗin na uwargida ne, cikin kayan ɗakinta ya zo. Ita ce kuma take shimfiɗa wani farin kyalle mai ado a kan risibar saboda ƙura, kuma tana da gaskiya, wanda ya san hunturun Katsina ya san abin da ƙura ke yi wa kaya. Sai dai ramukan da zafi ke fita a saman suke, kyallen ya toshe su, dikoda kuma tana zaune a kai. Na kira ta na ce ta taɓa da hannunta bayan an yi awa ɗaya ana kallo. Ta taɓa ta ce, “Malam, ai wannan sai ta tashi gobara.” Muka yi yarjejeniya: kyalle sai an kashe ta huce, dikoda ta koma wani hawa. Kafinta ya zo ya yanke bayan kabad ɗin ya ɗaga katakon sama, aka sami sarari kusan santimita 20 a kanta. Na sayi ƙaramar fanka irin ta kwamfuta na soka ta a jikin talabijin, da an kunna ta tashi, tana zuƙe zafin tana fitarwa ta baya. Ƙofar gilashin kuma a buɗe take zama muddin ana kallo.

Abu na ƙarshe da na daɗe ina juyawa shi ne wani saiti da ke ɓoye a cikin risibar, inda ake zaɓar om 8 ko om 6. Wasu risibobin suna da na om 4. Da na gan shi na yi tsammanin maganin ke nan, in danna ta ƙara ƙarfi don ta iya da sifikun. Baba ya ce ba ƙarfi take ƙarawa ba, ragewa take yi. Saitin yana sauke bolt ɗin da ke ciki ne don kada amfiyar ta yi yawa, akwatin ya fi sanyi, amma iyakar ƙarfinta ta sauko. Shi ya sa da yawa daga masu harkar sauti suke cewa a bar shi a 8 a kula da iska da murya kawai. Akwai haɗari a ɗaya gefen ma: idan amfilifaya ta ƙure ƙarfinta ana ci gaba da matsa mata, sai ta riƙa datse kan sautin, ka ji shi yana karcewa kamar ana yaga takarda, kuma wannan karcewar tana iya ƙona ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti.

Na gwada kowanne mako guda. A om 8 sautin ya fi sakewa idan an buɗe sosai, akwatin kuma ya fi ɗumi. A om 6 ban ji bambanci ba a muryar da muke kallo da ita kullum, sai na kai inda ba mai iya zama a falon sannan ya fara karcewa. Na bar ta a 6. Falonmu ƙarami ne, garinmu da zafi, sifikuna kuma sun riga sun sauka ƙasa da abin da aka rubuta mata, don haka na fi son sanyin a kan ƙarfin da ba na amfani da shi. Wanda ke da babban ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zai iya zaɓar ɗayan, ba zan ce ya yi kuskure ba. Wanda kuma ya sayi sabuwa mai garanti, ya bi abin da littafinta ya ce. Da a ce yau zan saya, zan fara juya bayanta in nemi wadda aka rubuta 4 zuwa 16, akwai su. Zan kuma duba ko ta wutar 230 ce irin tamu, domin wadda aka yi don Amurka ta 120 ce, sai da taransifomar saukewa.

Abin da ya kwantar mini da hankali lissafin murya ne. A bayan sifikun an rubuta desibel 88 a bolt 2.83, daga nisan mita ɗaya; desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Bolt 2.83 wat ɗaya ne ga mai om 8, ga tawa mai om 4 kuwa wat biyu. Desibel 88 ƙara ce sosai, sai ka ɗaga murya wanda ke kusa da kai zai ji ka. Ke nan kallonmu na yau da kullum 'yan wat kaɗan yake ci, abin da risibar za ta ɗauka ba tare da wahala ba ko da om 4 ne. Matsalar tana sama. Kowane ƙarin desibel 3 yana ninka wutar biyu, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wuta ninki goma. Ɗan juyin da na yi wa maɓallin a daren ƙwallon nan, wanda a hannu bai kai komai ba, shi ne ya kai ta bango.

Tun daga lokacin sau ɗaya ta sake ɗaukewa. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata aka cika gidan, samari suka sami rimot suka kai murya ƙarshe, wani kuma ya rufe ƙofar kabad don kada yara su taɓa. Na bar ta ta huce rabin awa, ta tashi lafiya. A daren na shiga saiti na sa mata iyakar murya a −10, ko wa ya danna ba za ta wuce nan ba. Mu muna kallo ne a wajen −28, ƙasa da nan sosai, domin a wannan ma'aunin sai lamba ta kusanci sifili murya take ƙaruwa.

Ga Alhaji kuwa, abin da ya fi yi masa amfani ba dogayen ba ne. Kusan duk maganar da ke cikin fim ko wasa daga sifikar tsakiya take fitowa, labarai ma idan aka sa risibar ta rarraba sautin can take kai muryar mai karantawa. Na sauko da ita daga saman kabad na daidaita ta da kunnen wanda ke zaune, na ƙara mata desibel 3 ita kaɗai, sauran na bar su yadda suke. Jiya bayan Isha'i yana sauraren labarai ya ce, “Ɗan ƙara mini muryar mutumin nan kaɗan.” Na ƙara wa ta tsakiyar ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya jingina da matashi. Da zan wuce na ɗora hannu a saman risibar kamar yadda na saba yanzu, ɗuminta bai wuce na kofin shayin da aka sha rabi ba, fankar tana ta juyawa a baya.